Magani a Kan Magani



Da farko ina miƙa godiyata ga shugabannin ƙungiya da suka ba ni damar tsayawa gabanku yau. Abin da aka ɗora mini in yi magana a kansa shi ne abin da kan faru idan mutum ya haɗa maganin kashe ciwo da maganin kashe ƙwayoyin cuta ya sha su a lokaci guda. Mai yiwuwa wani ya ce wannan ai zancen likitoci ne, me ya kawo shi zauren da ya cika da masu karatun tarihi da lissafi da aikin gona? Amsar ita ce, da wuya a sami gida a Dabawa, ko cikin garin Dutsin-Ma, ko Kurfi, wanda ba a taɓa shan waɗannan magunguna biyu tare a cikinsa ba. A yawancin gidajen nan kuwa, idan aka zo da takardar asibiti ko kwalin magani mai rubutun Turanci, ɗan makaranta ake aika yaro ya kirawo ya karanta. Watau mu ke nan. To tun da an riga an ɗora mana wannan nauyi ba tare da an tambaye mu ba, ya kamata mu san abin da muke karantawa.

Magana guda nake so ku fita da ita daga wannan zaure. Likitoci suna haɗa waɗannan magunguna kullum, kuma galibi lafiya lau ake rabuwa. Haɗari yana tasowa ne a inda mai ba da magani na biyu bai san da na farko ba. Duk sauran abin da zan faɗa bayani ne a kan wannan magana.

Magungunan da Ake Nufi

Magungunan kashe ciwo da muka saba da su iri uku ne. Na farko farasitamol, wanda kowa ya sani da sunan Panadol. Na biyu dangin asfirin, watau ibufurofen, wanda ya shiga kasuwa a Ingila a 1969, da dikilofenak, wanda ya fito daga Suwizalan a 1973. Waɗannan suna rage kumburi da zogi, su ne kuma ake yawan ba mai ciwon baya da ciwon gaɓoɓi. Na uku dangin mofin, watau kodin da tiramadol da fentazosin. Tiramadol a Jamus aka fara sayar da shi a 1977. Wannan rukuni na uku a ƙwaƙwalwa yake aiki, bisa doka kuma ba a ba da shi sai da takardar likita.

Magungunan kashe ƙwayoyin cuta kuwa, waɗanda ake kira antibayotik, tarihinsu ya faro ne daga fenisilin da Alexander Fleming ya gano a London a 1928. A wajenmu an fi saninsu da kafso, har akan bambanta su da launi, a ce ja da baƙi ko ja da rawaya. A cikinsu akwai amoksisilin da Ampiclox da Septrin da tetirasaikilin, da sifurofulokzasin wanda ake taƙaitawa a ce sifuro, da eritiromaisin da ƙanensa kilarituromaisin, da allurar jentamaisin, da rifamfisin na masu tarin fuka. Aikinsu kashe ƙwayoyin bakteriya. Ba sa kashe ƙwayar mura, ba sa kuma maganin gajiyar noma, ko da yake ana shansu domin duka biyun.

Dalilin da ya sa iri biyun nan suke yawan haɗuwa a ciki ɗaya a bayyane yake. Cutar da ke bukatar antibayotik kusan kullum tana zuwa da zazzaɓi da zogi. Mai ciwon haƙori, da mai maruru, da mai ciwon huhu, da wanda babur ya kayar, da mai jego da aka yi wa aiki, duk suna bukatar biyun. Saboda haka ba zai yiwu a ce kada a haɗa su ba. Amoksisilin da farasitamol, alal misali, suna tafiya tare ba tare da wata rigima ba idan an bi ƙa'ida. Abin da ake bukata shi ne a san wanne ne ba ya jituwa da wanne, a kuma san dalili.

Shiga da Fita

Domin mu fahimci dalilin, bari mu ɗauki misali da madatsar ruwa ta Zobe da ke nan ƙasar Dutsin-Ma, wadda aka kammala a 1983. Tsayin ruwan da ke cikin madatsa ya dogara ga abu biyu, watau yawan wanda ke shigowa da yawan wanda ake saki ta ƙofa. Idan aka toshe ƙofar, ruwa zai hau ko da wanda ke shigowa bai ƙaru ba. Idan kuma aka wangale ta, ruwa zai janye har a rasa na ban ruwa.

Haka magani yake a cikin jini. Yana shiga ta hanji ko ta allura, yana fita ta ƙofa biyu, hanta da ƙoda. Hanta tana da waɗansu sinadarai da ke farfasa magani su canja shi, ƙoda kuma ta tace shi ta zubar cikin fitsari. Lokacin da likita ya ce a sha ƙwaya ɗaya sau uku a rana, lissafinsa ya ginu ne a kan cewa ƙofofin nan suna aiki yadda suka saba. Magani na biyu yana iya toshe ƙofar da na farko ke fita, ko ya wangale ta, ko ya lalata ta, ko kuma ya tare shi tun a hanji ya hana shi shiga. Wani lokaci kuma su biyun sukan taru a kan gaɓa ɗaya su yi mata taron dangi. Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Idan an Toshe Ƙofar Hanta

A 2004 likitoci a birnin Janeba na Suwizalan suka buga labarin wani majinyaci mai shekara 62 wanda aka kwantar da ciwon huhu. An ba shi magunguna, ciki har da kilarituromaisin da wani maganin ƙwayar fangas, sa'an nan aka ƙara masa kodin miligiram 25 sau uku a rana saboda tari. Wannan adadi kaɗan ne ƙwarai. Amma a rana ta huɗu sai mutumin ya fita hayyacinsa, bai farfaɗo ba sai da aka yi masa allurar naloksan, wadda ke karya ƙarfin mofin.

Da aka bincika sai aka gano abin da ya faru. Kodin yana da hanyoyi a cikin hanta. Wata hanya, wadda masana ke yi wa laƙabi da CYP3A4, tana mai da shi abu maras ƙarfi. Wata kuma, CYP2D6, tana mai da wani ɓangare nasa mofin. Kilarituromaisin da maganin fangas sun toshe hanya ta farko. Shi kuma mutumin, bisa ga halittarsa, hanya ta biyu tana aiki da sauri fiye da ta sauran mutane. Daɗin daɗawa ƙodarsa ta raunana, ba ta fitar da abin da ya taru. Sai ƙwayar tari ta zame masa kamar an ɗura masa mofin.

Ku lura, wannan ya faru ne a babban asibiti a Turai, a gaban likitoci da na'urori, shi ya sa mutumin ya rayu. Ku kwatanta da wanda abin ya same shi a ɗakinsa da tsakar dare a ƙauye, iyalinsa suna cewa a bar shi ya huta, barci yake yi. Wannan halitta ta saurin mai da kodin mofin ba a gane ta a fuska, ta kuma fi yawa a waɗansu al'ummu. Binciken da aka yi a kan mutanen Habasha ya same ta a wajen mutum 29 cikin 100. Saboda irin wannan haɗari ne hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta hana ba yara 'yan ƙasa da shekara 12 kodin da tiramadol a 2017, ta kuma gargaɗi masu shayarwa. Tiramadol ma yana bi ta waɗannan hanyoyi biyu, don haka eritiromaisin da kilarituromaisin suna iya sa shi taruwa a jini.

Idan an Wangale Ƙofar

Rifamfisin kishiyar wannan yake yi. Shi ne ginshiƙin maganin tarin fuka, wanda ake sha wata 6, ana kuma ba da shi kyauta a cibiyoyin gwamnati. Duk wanda ya taɓa jinyar mai wannan cuta ya san shi, domin shi ne ke mai da fitsari ja. Rifamfisin yana zaburar da hanta ta riƙa farfasa magunguna da sauri. A 1976 Dakta Mary Jeanne Kreek da abokan aikinta a New York suka ba da rahoton masu shan metadon, wani ɗan'uwan mofin, waɗanda aka fara ba rifamfisin saboda tarin fuka. Mafi yawansu sai suka shiga halin wanda aka yanke wa magani, alhali kuwa suna shan abinsu yadda suka saba. Hantarsu ce ke zubar da shi tun bai yi aiki ba.

Haka yake yi wa tiramadol da mofin. Mai tarin fuka da ke da wani ciwo zai ga maganin da ya saba kwantar masa da zogi ya daina aiki, sai ya ninka da kansa. Babban haɗarin yana jiransa a ranar da ya gama wata shidansa. Cikin mako biyu ko makamancin haka hanta za ta koma yadda take, shi kuwa yana nan yana shan ninki. Ƙofa ta koma daidai, ruwan da ake turowa bai ragu ba.

Akwai kuma wani abin lura ga masu tarin fuka. Uku daga cikin magunguna huɗun da ake fara ba su, watau rifamfisin da aisoniyazid da firazinamaid, suna wahalar da hanta. Farasitamol kuwa, duk da sauƙin kansa, idan ya wuce ƙima hanta yake kashewa. Iyakarsa ga babba mai lafiya giram 4 ne a yini, watau ƙwaya 8 masu miligiram 500. Matsalar ita ce yana ɓoye cikin magungunan mura da na ciwon jiki masu sunaye daban-daban, har mutum ya sha shi ta hanya uku yana zaton magani uku ya sha. Idan idon mai shan maganin tarin fuka ya yi rawaya, kada a tsaya jiƙa masa saiwar shawara, a mai da shi inda aka ba shi maganin a ranar.

Taron Dangi a Ƙwaƙwalwa

Yanzu mu zo ga haɗin da na fi jin tsoro a ƙasarmu. Kowa ya san yadda ake cewa an gwada mutum an sami maleriya da taifot. Gwajin Widal da ake yawan dogara da shi ba ya isa shi kaɗai ya tabbatar da taifot, amma da zarar an ambaci sunan, sifuro ya biyo baya. Sifuro da danginsa suna rage ƙarfin wani sinadari a ƙwaƙwalwa wanda aikinsa shi ne kwantar da jijiyoyi, kamar linzami a bakin doki. Dangin ibufurofen suna ƙara wa wannan illa ƙarfi. An fara lura da haka sosai a Japan a 1986, lokacin da aka sami masu jijjiga cikin waɗanda suka haɗa enokzasin, ɗan'uwan sifuro, da fenbufen, ɗan'uwan ibufurofen.

Ga mai cikakkiyar lafiya, haɗarin sifuro da ibufurofen kaɗan ne. Yana ƙaruwa ga mai farfaɗiya, da tsoho, da mai ciwon ƙoda, da wanda ya taɓa buguwa a kai. Yana kuma ƙaruwa ga mai shan tiramadol, domin tiramadol shi kaɗai ma yana jawo jijjiga, musamman idan ya wuce miligiram 400 a yini, wanda shi ne iyakarsa. Abin da hukuma ta amince da shi a Nijeriya shi ne ƙwaya mai miligiram 50 da mai 100. Wanda ake fasa-ƙwaurinsa kuwa akwai mai 200, da mai 225, har da mai 250. Ƙwaya biyu na mai 225 sun riga sun haye iyaka.

To ku ɗauka ga wani saurayi ɗan acaba ko ɗan ƙwadago wanda ke haɗiyar irin wannan ƙwaya kowace safiya domin ya jure aiki. Zazzaɓi ya kama shi, aka ba shi sifuro da dikilofenak. Mai ba shi bai tambaya ba, shi kuma ba zai faɗa ba, domin abin kunya ne. Kwana biyu sai ya yanke jiki ya faɗi yana jijjiga, wataƙila ma a kan babur da fasinja a bayansa. Mutane za su ce iska ce ta taɓa shi, ko an yi masa jifa. Ba wanda zai waiwayi ledar magani da ke aljihunsa.

Kada a ɗauka irin wannan saurayi ɗaya ne a cikin dubu. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 a Nijeriya sun yi amfani da kayan maye a shekarar da ta gabaci binciken, kuma miliyan 4.6 daga cikinsu irin su tiramadol da kodin suka sha ba da izinin likita ba. A ranar 1 ga Mayu na 2018 ɗin ne Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da maganin tari mai kodin da kuma sarrafa shi, bayan wani fim na bincike da BBC ta nuna, wanda ya haɗa da abin da ke faruwa a Kano. Duk waɗannan miliyoyi suna yin rashin lafiya kamar kowa, ana kuma ba su antibayotik kamar kowa.

Ƙoda da Kunne

Mutanenmu sun yi imani da allura, suna ganin ta fi ƙwaya ƙarfi. Jentamaisin allura ce mai arha mai amfani ƙwarai a hannun wanda ya san ta. Amma ta ƙoda kaɗai take fita, idan kuma ta taru takan lalata ƙodar, ta kuma kashe jijiyar ji, kurumtar da take jawowa kuwa sau da yawa ba ta warkewa. Shi ya sa a 2010 hukumar NAFDAC ta soke rajistar jentamaisin mai miligiram 280.

Dikilofenak da ibufurofen suna rage jinin da ke zuwa ƙoda, musamman idan jiki ya rasa ruwa. Ku tuna da yanayinmu a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi kan haura digiri 40. Ku ƙara da zazzaɓi, da amai ko gudawa, ko azumi, ko yini guda ana sharar gona. A irin wannan hali, idan aka yi wa mutum jentamaisin da dikilofenak tare, ɗaya ya rage wa ƙoda jini, ɗaya ya taru a cikinta yana cinta. Septrin ma idan ya haɗu da dangin ibufurofen yana takura ƙoda, ya kuma tara gishirin fotasiyam a jini, wanda ke iya rikita bugun zuciya, musamman ga tsofaffi da masu shan maganin hawan jini. Ƙoda ba ta kuka da wuri. Kafin a ga ƙafa ta kumbura fitsari ya ragu, aiki ya riga ya yi nisa, wankin ƙoda kuwa kowa ya san ba abin da talaka zai iya ɗauka ba ne.

A nan dole a ambaci 'yan'uwanmu masu sikila. Ana ƙiyasta cewa ana haihuwar jarirai wajen 150,000 da wannan cuta kowace shekara a Nijeriya. Su ne suka fi kowa shan maganin ciwo da antibayotik tare, tun suna yara har girma, ƙodarsu kuma dama cutar tana taɓa ta. Mai sikila ya fi kowa bukatar asibiti ɗaya da kati ɗaya da likitan da ya san tarihinsa.

Fura da Nono

Akwai wata hanya kuma da ba ta kisa nan take, amma ɓarnarta tana da yawa. Dikilofenak da ibufurofen suna ƙona ciki, har su kai ga gyambon ciki. Wanda ya ji ƙwannafi sai ya nemi farin ruwan maganin olsa ya sha. Wannan ruwa yana ɗauke da maganiziyam ko alminiyam, waɗanda ke kama sifuro da tetirasaikilin a cikin hanji su hana su shiga jini. Haka kalsiyam da ke cikin madara da nono yake yi, haka kuma ƙwayar ƙarin jini da ake ba masu juna biyu. Mu kuwa abin da muke fara ba maras lafiya da ya kasa cin tuwo shi ne fura da nono. Ga shi an sayi magani da kuɗi, an sha a kan lokaci, amma rabinsa ko fiye ya bi bayan gida. Ƙa'idar sifuro ita ce a sha shi awa 2 kafin maganin olsa ko ƙwayar ƙarin jini, ko awa 6 bayansu, kada kuma a kora shi da nono.

Bugu da ƙari, maganin ciwo yana saukar da zazzaɓi, sai mutum ya ji sauƙi ya ajiye antibayotik a kwana na biyu, alhali ƙwayar cuta tana nan. Maganin da ya shiga jini kaɗan-kaɗan yana kashe raunanan ƙwayoyi ya bar masu taurin kai su hayayyafa. Wani babban bincike da aka buga a mujallar Lancet a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 1.27 suka mutu a duniya saboda ƙwayoyin da suka daina jin magani, kuma Afirka ta Yamma ce ta fi ko'ina yawan mace-macen idan aka kwatanta da yawan jama'a. Garin neman ƙiba ke nan an samo rama.

Hannu Uku, Ciki Ɗaya

Shugaba, idan muka duba duk misalan nan za mu ga abu guda yana maimaituwa. Maras lafiya a wajenmu yakan karɓi magani daga hannu uku ko fiye. Ya fara da abin da ya rage a gida ko wanda maƙwabci ya ba shi. Sa'an nan ya je kemis ya ce a haɗa masa na ciwon jiki, a ƙulle masa ƙwayoyi biyar ko shida a leda, ba suna ba kwali. Idan abin ya ƙi, sai a tafi babban asibitin Dutsin-Ma ko Kurfi, ko a wuce Katsina. A can likita zai tambaya ko an sha wani abu, a ce masa ba a sha kome ba, don tsoron faɗa. Kowane hannu ya ba da nasa da kyakkyawar niyya, amma ba wanda ya ga duka, sai hanta da ƙoda.

Ba na tsaya nan ne domin in zagi masu kemis ba. A ƙauyuka da yawa su ne mafi kusa, su ne ke buɗe da dare, su ne kuma ke ba da bashi. Matsalar tsaro da ta addabi ƙasashen Batsari da Safana da Kurfi da Dutsin-Ma tun wajen 2019 ta sa fita da maras lafiya da dare ya zama abin da ake tunani sau biyu. Amma gaskiya ita ce lasisin ƙaramin shagon magani bai ƙunshi yin allura ko sayar da tiramadol ba, kuma ƙwayar da aka raba da kwalinta ta zama abin da ko likita ba zai iya karantawa ba.

Abin da Ya Rage Gare Mu

Rubuta magani aikin likita ne, bayaninsa kuma aikin masanin haɗa magunguna. Namu aikin ƙarami ne, amma ba mai yi sai mu. Idan wani ya kwanta a gidanku, ku ɗauki takarda ku rubuta duk abin da ya sha, da sunansa, da ƙarfinsa, da lokacin da ya sha, har da jiƙo da sassaƙe da maganin gargajiya. Idan za a tafi asibiti a tafi da takardar, a kuma zuba kwalaye da ledoji cikin jaka a tafi da su. Kada ku karɓi ƙwayar da ba a rubuta muku sunanta ba. Kafin ku bar gaban mai ba da magani ku tambaye shi ko wannan yana tafiya da wancan, domin matambayi ba ya ɓata. Ku sanar da shi idan maras lafiya yana da farfaɗiya, ko ciwon ƙoda, ko olsa, ko sikila, ko juna biyu, ko yana shan maganin tarin fuka. Idan ana shan antibayotik aka bukaci abin saukar da zazzaɓi, farasitamol bisa ƙa'ida ya fi dangin ibufurofen aminci ga yawancin mutane.

Wanda kuka san yana shan tiramadol ko kodin a ɓoye, ku ja shi gefe ku gaya masa cewa ko bai gaya wa mahaifinsa ba, ya gaya wa likita. Likita amanar sirri ke wuyansa, kuma da wannan kalma guda zai canja maganin da zai rubuta. Ku kuma ma'aikata matasa da ke cikinmu, musamman na sashen lafiya na ƙananan hukumomi, ku yi tambayar a keɓe, da murya mai taushi, domin wanda aka kunyata a gaban layi ba zai sake faɗin gaskiya ba. Idan kun ga illar magani ku kai rahoto ga NAFDAC, wadda ke da sashen tattara irin waɗannan rahotanni.

Sa'an nan ku riƙe alamun da ba a jira da su sai gari ya waye: barci mai nauyi da ba a iya tashin mutum, numfashi a hankali ko da minshari baƙo, jijjiga, raguwar fitsari, ƙara a kunne ko raguwar ji, rawayar ido, baƙin bayan gida kamar kwalta, da ƙuraje masu saɓule fata da baki. Mai jijjiga a kwantar da shi a gefensa, a kawar da abin da zai ji masa rauni, kada a cusa masa cokali a baki, kada kuma a ɗura masa ruwa ko manja. Da ta lafa a nufi asibiti da shi, tare da ledar maganinsa.

'Yan'uwana, iyayenmu sun sayar da hatsi da dabbobi sun kawo mu nan. Kafin mu sami digiri mu fara biyansu da albashi, ga wani abu da za mu iya yi musu tun a hutun nan mai zuwa, wanda bai fi ƙarfin takarda da alƙalami ba. Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙara mana lafiya da ilmi mai amfani.